Lokacin korona a Zariya: mai rediyo ne ya fi bin doka ko mai waya?

Ɗan_Tudun_Wada ya rubuta:

Salam jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah masu sani su amsa da gaske banda zolaya. Lokacin korona, wato tun daga ƙarshen watan Maris na 2020 da aka kulle jihar Kaduna, su wa suka fi bin doka a garin nan, masu sauraron rediyo ko mu da waya ba ta barin hannunmu? Kuma tun asali me ke sa mutum ya bi irin wannan doka, tsoron cutar ne, ko tsoron kamu, ko kuwa don wanda ya yarda da shi ne ya faɗa masa?

Dalilin tambayar shi ne, a gidanmu Baba ba ruwansa da Facebook balle WhatsApp, wayarsa ƙaramar Nokia ce mai tocila, abokin hirarsa rediyo ne, BBC da safe, Muryar Amurka, DW da rana, sai Rediyon Tarayya na Kaduna. Toh shi ne fa ya ajiye buta da sabulu a zaure, ya hana musabaha, duk wanda ya dawo daga waje sai ya wanke hannu yana kallonsa kafin ya wuce ciki, har jikokinsa ya hana su hawa jikinsa. Mu kuwa samarin gidan da muka ga komai a waya, bidiyon Italiya da motocin soja ke kwasar gawarwaki, alƙaluman NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, da ake saki kowane dare, mu ne takunkuminmu ke zaune a haɓa, sai an hango shingen jami'ai a ja shi sama, ana wucewa a sauke. Shi ya sa ni na tsaya a kan rediyo ya fi sa mutane bin doka. Amma wani abokina ɗan cikin birni ya ce sam ba haka ba ne, a layinsu tsofaffin masu rediyon ne suka fi kowa taurin kai, suna cewa cutar masu hawa jirgin sama ce ba ta san talaka ba, 'yan boko masu waya ne ke yawo da sanitaiza a aljihu.

Ba don korona kaɗai nake tambaya ba, ita kam an wuce wajen. Amma ga mashaƙo ya zo a 2023, amai da gudawa kusan duk damina sai ya leƙo, wata annobar ma za ta zo, Allah ya kiyaye. In ta zo ta ina za a bi a gaya wa mutanen garin nan magana su ji?

Maman_Hanifa ta amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina bakin aiki duk tsawon kullen nan, mu ba mu zauna a gida ba. A ganina ka haɗa abu biyu wuri ɗaya, rediyo da shekaru. Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, ba rediyo ne ya sa ya kafa buta a zaure ba, abin da rediyon ke faɗa ne ya taɓa shi kai tsaye. Kullum likitocin da ake hira da su magana ɗaya suke maimaitawa, cutar ta fi kashe tsofaffi da masu hawan jini da masu ciwon suga da masu asma. Dattijo ya ji wannan ya san da shi ake. Kai kuma saurayi ka ji maganar nan dai ita ɗaya, abin da kunnenka ya ɗauka shi ne matasa yawanci suna warkewa, shi ke nan ka sauke takunkumi. Da za ka ba Baba babbar waya ka karɓi rediyonsa, ina jin da wuya wani abu ya canza a tsakaninku.

Sannan tsoron ma ba tsaye yake wuri ɗaya ba, hawa yake yana sauka. Da aka ce an samu wani ɗan Italiya da cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu ba wanda ya damu a nan, ana cewa ai Legas ce. Amma ranar 28 ga Maris da gwamna El-Rufa'i ya fito da bakinsa ya ce ya kamu, kwana biyu kacal da fara kulle, wallahi a satin nan har masu rakiyar mara lafiya da a da sai mun yi faɗa da su kan cunkoso a bakin ɗaki, su da kansu suke ja da baya, wata tsohuwa da gefen mayafinta ta rufe hanci tana tambayata ko ya isa. Sai ga rasuwar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilu, sai ga labarin mace-macen Kano ana shiga azumi. Wannan ne lokacin da tsoro ya kai ƙarshe.

Toh amma ga abin da mutane ba sa lura da shi, tsoro in ya yi yawa ba bin doka yake haifarwa ba, ɓuya yake haifarwa. Saƙon murya ya yi ta yawo a guruf-guruf na mata cewa in ka je asibiti ka yi tari sau ɗaya za a kama ka a killace, in ka mutu ba za a ba 'yan'uwanka gawarka ba. Sai mutane suka ƙaurace mana. Mai masassara da sarƙewar numfashi ya zauna a ɗaki yana sirace da tazargade, ana dafa masa citta da lemun tsami da tafarnuwa, a aika yaro kemis ya sayo maganin maleriya, sai abu ya ƙwace a kawo mana shi ranga-ranga. Masu awon ciki suka ragu, iyaye suka daina kawo jarirai rigakafin da aka saba yi tun kafin a san wata korona. Waɗannan mutanen sun yarda akwai cutar fa, sun ma fi kowa jin tsoro, sai dai abin da suka fi tsoro shi ne motar asibiti ta tsaya a ƙofar gidansu unguwa ta gani.

Wannan kunyar ita ta kashe tsoron daga baya. Tunda ba gidan da zai ce korona ce ta kashe mahaifinsu, sanarwa kullum "bayan gajeruwar rashin lafiya" ce, gwajin ma ba kowa aka yi wa ba, sai aka wayi gari kowa na tambaya, kai ka san wanda ta kashe? Ba wanda ya sani. Bayan ƙaramar salla kam takunkumi ya zama na shiga banki.

Bakano_a_Sabon_Gari ya amsa:

Ku Zage-zagi komai sai kun mai da shi lacca, rediyo ne waya ce, haba. Ku tambayi ɗan kasuwa. Ni ina da shago a Sabon Gari, ina da rediyo ina da waya, duk ina ji ina gani, kuma ni ba wanda zai ce min babu korona domin a watan Afrilun nan dattawa nawa na sani a Kano da suka tafi cikin 'yan kwanaki, kullum sai an bugo min waya an yi rasuwa, masu haƙar kabari da kansu suka fito suna cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Da farko gwamnatin can ta ce hawan jini ne da suga da sanƙarau da maleriya, sai a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce a cikin mutum 979 da aka bincika, rabi ko fiye da haka akwai alamar korona a mutuwarsu. Toh ka ga ni tsoro kam ina da shi.

Amma na bi doka? Na bi ta ranar da akwai abinci a gida. Hajiya ma'aikaciyar jinya albashinki na shiga ko an kulle ko ba a kulle ba, Allah ya ƙara buɗi, amma ɗan acaba fa, da mai keke, da ɗan dako, da mai sayar da ruwa a kura, wanda sai ya fita da safe za a ɗora tukunya da yamma? Kwana 75 jihar nan ta yi a kulle, azumi gaba ɗayansa a ciki. Mutumin da yara ke kuka a gabansa ba ya lissafin cutar da wataƙila ta kama shi wataƙila ba ta kama shi ba, yunwa ita tabbas ce. Kuma ranakun da ake buɗewa a yi cefane, duk wanda ya je ya gani, mutanen sati guda ne ake tarawa a yini ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, ana ture-ture a gaban mai tumatir, ina tazarar take?

Abu na biyu, waya ba ƙarya kaɗai ta nuna mana ba, ta nuna mana gaskiyar da ta fi ƙarya ɓarna. Jana'izar Abba Kyari a Abuja kowa ya kalla, manya sun cika maƙabarta jiki da jiki, a satin da ake tare talaka a hanya ana kai shi kotun tafi-da-gidanka don ya fito neman abinci. Sai kuma watan Oktoba da aka fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da Kaduna da wasu garuruwa, aka ga buhuna da katan-katan na taliya jibge, an rubuta na korona ne, watanni bayan an gama jin yunwar kulle. Daga ranar nan in ka ce wa ɗan kasuwa sa takunkumi sai ya ce maka korona ta masu ci da ita ce. Ba malami ne ya koya masa wannan ba, idonsa ne.

Zazzau_Boy ya amsa:

Bakano ka faɗi gaskiya yau kam, a rubuta a ajiye 😂 Amma kar ka manta a garinku ma an yi ta waƙen malam ya ce babu korona.

Abu_Safwan_Kwarbai ya amsa:

Assalamu alaikum. Ɗana mai tambaya, Allah ya yi maka albarka, ni na girme ku duka a nan ina zato, kuma ina cikin kwamitin masallacin unguwarmu, don haka bari in ba da nawa ta ɓangaren da na sani.

Abokinka bai yi ƙarya ba, kai ma ba ka yi ba. Dattijon cikin birni yana jin rediyo, amma ba rediyo ke yanke masa hukunci ba. Yana ji ne ya ajiye, sai an idar da sallar asuba an zauna a dakali a ji me liman ya ce, me wane da ake girmamawa ya ce, a nan labarin ke zama gaskiya ko ya zama zancen Turawa. In limamin layinku ya karɓa, masu rediyon layinku sun karɓa. In ya yi shiru ko ya taɓe baki, BBC ta yi ta yi har ta gaji. Baban naka ka bincika, za ka samu akwai wani da yake jin maganarsa da ya riga shi ajiye buta.

Mu abin da ya girgiza mutanenmu ba Italiya ba ce, ba Amurka ba. Hoton Ka'aba ne babu mai ɗawafi, a watan Maris ɗin nan, bayan Saudiyya ta dakatar da Umara. Wani yaro ya kawo shi a waya ana miƙa wa juna a ƙofar masallaci, wani dattijo ya riƙe wayar ya daɗe yana kallo yana salati. Gani ya kori ji. Daga nan hujja ta yi sauƙi, domin addini bai bar mu a duhu ba, hadisi ingantacce ne cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in ta sauka kuna ciki kada ku fita, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, da aka ce masa gudun ƙaddara kake ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Mai Alfarma Sarkin Musulmi da Jama'atu Nasril Islam su ma sun yi kira a bi umarnin masana lafiya. Duk da haka rufe masallacin Juma'a ya yi wa mutane ciwo ƙwarai, musamman da suka ga ana buɗe kasuwa a wasu ranaku masallaci na rufe, wannan tambayar mun sha ta, kuma ba wanda ya zo daga sama ya zauna da mu ya ba mu amsar da za mu kai wa jama'a, a rediyo muka ji dokar kamar kowa.

Game da allurar rigakafin korona kuma, ku yara ku sani rashin yardar da mutane suka nuna mata tana da tarihi, ba jahilci ne zalla ba. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, yara 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan na cikin abin da ya sa a 2003 aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano har kusan shekara. Wanda ya rayu a wannan zamanin, in saƙon murya ya zo masa cewa allurar korona ta hana haihuwa ce, ba sabon abu aka gaya masa ba, tsohon miki aka fama. Kuma ku duba yadda aka shawo kan na shan innar, sarakuna da hakimai da masu unguwanni aka sa a gaba, gida-gida, shekara da shekaru, har aka ce Najeriya ta rabu da ita a watan Agustan 2020, ana tsakiyar koronar ma. Ita allurar korona da ta iso a Maris na 2021, an nuna shugaba Buhari a talabijin ana yi masa, bai sa mutanen layinmu sun motsa ba. Amma da Hajjin 2022 ya zo Saudiyya ta ce sai da shaidar allura, waɗanda suka fi kowa zaginta su ne a gaban layi.

Samaru_Gate ya amsa:

Baba Abu Safwan Allah ya saka da alheri. Ni ina makaranta lokacin, ko in ce ina gida, tunda korona da yajin aikin ASUU sun haɗu sun zaunar da mu daga Maris har sai farkon 2021, ba abin da muke yi sai danna waya, don haka bari in kare masu waya kaɗan.

Masu waya ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai wanda ke bin shafin NCDC da na BBC Hausa yana karanta bayanin likitoci, akwai wanda duk labarinsa daga guruf ɗin dangi yake zuwa, an turo an turo, ba a san wa ya fara ba. Na biyun shi ya ji cewa 5G ce ke kawo cutar, shi ya ji zafin ranarmu na kashe ta, shi ya ji Trump ya ce kulorokwin, shi ya ji Madagaska ta gano magani ana ɓoyewa. Abin har ya kai WhatsApp da kansu a Afrilun 2020 suka taƙaita tura saƙon da ya yi yawo da yawa, sai wa mutum ɗaya a lokaci guda. Kuma saƙon murya ya fi rubutu illa a wajenmu, domin ko wadda ba ta iya karatu ba za ta saurara, da Hausa, da muryar mutum mai kama da kawunka, yana rantsuwa yana cewa shi ma'aikacin lafiya ne. Saƙon NCDC kuwa da ke shigowa wayoyi yawanci da Turanci yake zuwa. Ka ga wa zai ci kasuwa.

Kuma ku tuna 2014 lokacin Ibola. Cikin dare ɗaya saƙo ya zagaye ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, iyaye na tada yara kafin asuba, har aka rasa rayuka saboda shan gishirin, alhali duk Najeriya mutum 20 ne suka kamu da Ibola, 8 suka rasu, kuma ba ta ma iso arewa ba. Wato mutanenmu ba ƙin bin umarni suke ba, ga shi sun bi na ƙarya cikin sa'o'i, don ya zo daga ɗan'uwa, yana da sauƙi, gishiri na kicin, sau ɗaya za a yi a huta. Na korona kuwa an ce ka daina musabaha, ka daina sahu, ka daina zuwa biki da ta'aziyya, ba ranar ƙarewa.

Mu masu bin alƙaluma ma daga baya mun gaji. Kullum dare lamba, sabbin kamu kaza, Legas kaza, Kaduna kaza, har ta zama kamar sakamakon ƙwallo, ka duba ka wuce. Ranar jana'izar Mai Martaba Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris, Allah ya jiƙansa, 20 ga Satumban 2020, duk wanda ya ga taron da aka yi a fada ya san a zuciyar mutanen Zariya maganar tazara ta riga ta ƙare. Wani abin lura kuma, a lissafin hukuma korona ta kashe mutum 3,155 a Najeriya gaba ɗaya, duk da kowa ya san gwaji ya yi kaɗan, amma amai da gudawa a shekarar 2021 kaɗai ya kashe sama da 3,600. Wanne aka fi yi wa shela a cikinsu? Mutumin karkara da ya binne yara saboda kwalara yana da dalilin tambayar me ya sa waccan ce kawai ake kulle gari dominta.

Ɗan_Tudun_Wada ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai jama'a. Baba Abu Safwan na tambayi Baba ɗazu, ashe wani amininsa ne tsohon malamin asibiti da suke sallar asuba tare ya ce masa ya ajiye butar, ka ga maganarka ta fito. Amma Maman Hanifa ina da saura, lokacin mashaƙo da aka yi kwanan baya kin ga wani bambanci, ko dai yadda aka yi da korona aka sake yi?

Maman_Hanifa ta sake amsawa:

Akwai bambanci sosai. Mashaƙo yara ya fi kamawa, kuma ana gani, wuya ya kumbura, maƙogwaro ya toshe da wani farin abu, yaro ya kasa haɗiye ko ruwa, uwar da ta ga na maƙwabciyarta ba ta jiran sanarwa, da kanta take ɗauko katin rigakafi tana tambaya ko nata ya cika. Kuma ba a kulle kowa ba, ba a hana kowa neman abinci ba, abin da aka nema a wajen iyaye allura ce wadda dama tana cikin rigakafin jarirai da aka saba, ta sati 6 da sati 10 da sati 14. Inda muka sha wahala shi ne yaran da aka haifa wajen 2020 da 2021 da ba a kawo su ba sam, da kuma gidajen da maigida ya ce ba a yi wa 'ya'yansa allura tun zamanin shan inna, irin waɗannan ko matar ta yarda ba ta isa ta fito da yaro ba, sai mun bi ta wajen mai unguwa ko liman a same shi a majalisa bayan la'asar. Kai ma in akwai ƙananan yara a gidanku ka duba katinsu yau, in akwai layin da ba a cike ba a kai su asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ranar rigakafi, kyauta ne, kuma ko yaro ya wuce watannin ana iya cike masa.